Tsohon Dam Ɗin Ƙasa a Bakin Tafki: Inda Ciwon Yake, Yadda Ake Gyara, da Wanda Zai Biya

Dam ɗin da aka gina da ƙasa ba ya tare ruwa ɗari bisa ɗari. Kowanne yana tsattsafo, tun daga ranar da aka cika tafkin har ranar da za a daina amfani da shi. Ruwa kan shiga ta fuskar da ke kallon tafki, ya bi tsakanin ƙwayoyin ƙasa sannu a hankali, ya ɓullo ta baya ko ta ƙarƙashi. Wannan ba ya tayar wa injiniya hankali. Tambayarsa guda ce: ruwan nan da ke fita, shi kaɗai yake tafe, ko yana ɗauke da ƙasar dam ɗin? A kan amsar wannan tambaya ake ɗora kusan duk wani gyara mai amfani. Rashin yin ta ne ke sa mazauna bakin tafki su tara kuɗi da ƙyar, su zuba shi a kan abin da ido ke gani, ciwon kuwa yana can ciki.

Irin waɗannan madatsu sukan faɗo hannun mazauna ne kamar gado. Wani kamfanin filaye ya tare rafi don ya sayar da fulotai masu kallon ruwa, ko masu ƙaramar tashar lantarki suka gina shi tun zamanin kakanni, daga baya suka tattara nasu-ya-nasu suka bar wa ƙungiyar masu gidaje. A Amurka, inda aka fi ƙididdige lamarin, rajistar madatsu ta ƙasa tana ɗauke da sama da 90,000, matsakaicin shekarunsu ya haura 60, kuma kusan biyu bisa uku ba na gwamnati ba ne. Alhakin ɓarnar da dam ya yi yana kan mai shi. Wanda ya sayi gida don ya riƙa shan iskar tafki sau da yawa bai san ya sayi kaso a cikin wannan alhaki ba.

Dam ɗin da aka tsara da kyau yana da zuciya ta yumɓu a tsakiya, wadda ake nutsa ta cikin rami har ta tarar da ƙasa mai tauri ko dutse. A bayan zuciyar akwai katangar yashi a tsaye, mataci ke nan, sai shimfiɗar tsakuwa da bututu mai huje-huje a gindi, wanda ke kwashe ruwan ya fitar da shi waje. Tsofaffin madatsu, musamman waɗanda aka yi ba tare da injiniya ba, yawanci tulin ƙasa iri ɗaya ne daga gaba har baya: babu mataci, babu magudana, gangaren kuma ya miƙe tsaye fiye da kima.

Idan ruwa ya bi ta kan doro

Ƙasa ba ta jure ruwa mai gudu a kanta. Da zarar tafki ya tumbatsa ya fara kwarara ta kan doron dam, zaizaya takan fara daga gindin baya, ta yi ta ci tana hawowa har ta yanke doron. Daga nan sai ƙofa ta buɗe, ƙofar kuma ta riƙa faɗaɗa kanta. Abin da ke hana wannan shi ne mazubin rara, wato hanyar da aka tanadar wa ruwan da ya yi yawa, tare da tazarar da ke tsakanin saman ruwa da doro.

A ɗauki misali don a ga girman lissafin. Tafki mai faɗin hekta 20, wanda ke karɓar ruwa daga yanki mai faɗin murabba'in kilomita 5. Ruwan sama na milimita 100 a kan wannan yanki kubik mita 500,000 ne. Idan rabinsa ya gangaro, kubik mita 250,000 ke nan, wanda zai ɗaga tafkin da mita 1.25 in ba a fitar da komai ba. To, nawa mazubin zai iya fitarwa? Mazubi mai faɗin mita 10, idan ruwa ya hau kansa da rabin mita, yana fitar da kimanin kubik mita 6 a daƙiƙa. Idan ya hau da mita guda, kimanin 17. Ninka zurfin sau biyu yana ninka kwararar kusan sau uku. Juya lissafin ka ga haɗarin: in mazauna suka jera katako mai tsawon santimita 30 a bakin mazubin don tafki ya ƙara cika, jiragen shaƙatawa su samu zurfi, to, in tazarar bakin mazubi da doro mita guda ce, kubik mita 17 ɗin nan ya koma kimanin 10 kafin ruwa ya taɓa doro. Katako ɗaya ya cinye kashi 40 cikin 100 na ƙarfin mazubin.

An daɗe da ganin ƙarshen wannan ganganci. Dam ɗin South Fork a jihar Pennsylvania ta Amurka mallakar wata ƙungiyar attajirai ce masu kamun kifi da farauta. An rage tsawon doronsa don keken doki ya samu hanya, an sa raga a bakin mazubin kada kifi ya tsere, bututun ƙarfen da ake zuƙe tafkin da su kuwa an riga an cire su, ba a mayar ba. Ranar 31 ga Mayu, 1889 ruwa ya bi ta kansa, mutum 2,209 suka rasu a Johnstown da kewaye. Babu ɗaya daga cikin sauye-sauyen nan uku da ya yi kama da laifi a ranar da aka yi shi.

Ko ba a taɓa mazubi ba, zamani kan rage masa ƙima. Dajin da ke shanye ruwa lokacin da aka gina dam ɗin ya zama rufin kwano da kwalta, ruwa ya fi gangarowa da yawa da kuma sauri. A ƙasan dam kuma an gina gidaje a inda da gona ce. Hukumomi suna rarraba madatsu ne bisa abin da zai faru idan sun fashe, ba bisa lafiyarsu ba. Gida ɗaya da aka gina a hanyar ruwa yana iya mayar da dam daga rukunin ƙaramin haɗari zuwa na babban haɗari, sai a wayi gari doka tana neman mazubin da ya ninka na yanzu sau da yawa. Sau tari wannan ne kaso mafi tsada a duk aikin.

Idan ruwa ya bi ta ciki

Wannan ne mugun ciwon, domin ba ya jiran damina. Ruwan da ke ɓullowa a baya yakan ɗauki ƙwaya ɗaya, ya bar gurbi. Gurbin ya gajarta wa ruwa hanya, gudunsa ya ƙaru, ya ɗauki ƙwaya goma. Ramin yana ci ne daga baya yana komawa wajen tafki, kamar yadda gara ke cin azara ta bar fatar waje lafiya lau. Ranar da ya isa tafki, sauran sa'o'i ne kawai. A Teton, jihar Idaho, dam mai tsawon mita 93, an ga ruwa mai laka yana fita da safiyar 5 ga Yuni, 1976. Kafin azahar ya fashe, mutum 11 suka rasu.

Alamomin a bayyane suke ga wanda ya san abin da yake nema. Wuri mai danshi a gangaren baya inda ciyawa ta fi ko'ina kore. Ruwan da ya sauya daga garai-garai zuwa gurɓatacce. Ɗan tulin yashi mai siffar mazurari da ruwa ke ɓulɓulowa ta tsakiyarsa. Rami da ya lotsa a doro ko a fuskar ruwa. Tsagar da ta bi tsawon dam tana nuna gangare yana shirin zamewa. Wadda ta gitta daga gaba zuwa baya ta fi muni, domin hanya ce a buɗe, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kada a dogara da ido wajen auna tsattsafo. A tattara shi wuri guda, a sa farantin ƙarfe mai yanka irin na harafin V mai kusurwa 90. Ruwan da ya hau santimita 5 a kan yankan kimanin lita 0.8 ne a daƙiƙa. Santimita 10 kuwa ya haura lita 4. A rubuta awon kowane mako tare da tsawon tafki da ruwan saman da aka yi. Idan tsattsafo ya ƙaru alhali tafki bai ƙaru ba, ko aka tarar da laka ta kwanta a bayan farantin, maganar jiran taron ƙungiya ta ƙare. Wanda ya ga ɓulɓulo kada ya toshe shi, kada kuma ya haƙa. Toshewa tana tura ruwan ya nemi wata kafa. A kewaye shi da buhunan yashi har ruwan da ya taru a ciki ya rage masa gudu ya koma garai, ko a rufe shi da yashi mai tsabta sannan tsakuwa a sama.

Sau da yawa ramin yana bin jikin bututun da ya ratsa dam ɗin ne. Ƙasa ba ta daɓuwa da kyau a ƙarƙashin abu mai zagaye, saboda haka tun ranar gini akwai sako-sako a nan. Madatsu da yawa na tsakiyar ƙarni na 20 an sa musu bututun kwano mai tudu da kwari, wanda ƙarkonsa bai cika wuce shekara 25 zuwa 50 ba. Tsatsa takan fara cin cikinsa ta ƙasa, mahaɗai su buɗe, ƙasa ta riƙa zubowa ciki ruwa yana tafiya da ita ba wanda ya gani. Wani kuskuren da aka saba gani shi ne sa bawul, wato makullin buɗewa da rufe ruwa, a ƙarshen bututu ta baya. Hakan yana nufin bututun yana cike da ruwa mai matsin tafki dare da rana a tsakiyar dam, ƙaramar huda ta isa ta riƙa fesa ruwa cikin ƙasa.

Akwai kuma zamewar gangare. Dam ɗin Edenville a jihar Michigan, wanda aka gina a shekarun 1920, ya fashe ranar 19 ga Mayu, 2020 tun ruwa bai haura doronsa ba. Masu binciken da aka naɗa sun gano cewa yashin da ke jikinsa ba a daɓe shi ba tun asali. Da tafki ya kai tsawon da bai taɓa kaiwa ba, sai yashin ya saki jiki ya malale kamar kunu cikin daƙiƙoƙi. Dam ɗin ya yi kusan shekara ɗari a tsaye. Daɗewa ba shaidar lafiya ba ce.

Bincike, sannan rage ruwa

Kuɗin farko da za a kashe na bincike ne, kuma injiniyan madatsu ake nema, ba na gine-gine ko na hanya ba. Aikinsa ya haɗa da auna doro da gangare da na'urar safiyo don a gano inda ya lotsa, tura kyamara cikin bututu daga farko har ƙarshe, haƙa ramukan gwaji ta doro da gindi a ɗebo samfurin ƙasa, da dasa bututun awon ruwa a cikinsu don a san inda ruwa ya tsaya a jikin dam. Haƙar ma da ƙa'idarta: ba a haƙa jikin dam da matsin ruwa ko iska irin na masu rijiyar burtsatse, domin matsin yana iya tsaga zuciyar yumɓun. Daga nan sai lissafin ambaliya, da taswirar wuraren da ruwa zai mamaye idan dam ya fashe. Ma'aunin da aka saba nema ga gangaren baya shi ne ƙarfin da ke riƙe shi ya ninka wanda ke jan sa sau 1.5.

Tun sakamako bai fito ba, akwai magani mafi araha wanda mazauna suka fi tsana: a rage ruwan tafki. Nauyin da ruwa ke tura dam da shi yana tafiya ne da zurfi sau zurfi, don haka saukar da tafki daga mita 8 zuwa 6 yana rage turin da kashi 44 cikin 100. A tafkin misalinmu mai hekta 20, mita biyun nan wuri ne na kubik mita 400,000, ya fi ƙarfin kubik mita 250,000 da muka lissafa zai gangaro. Amma a sauke shi a hankali, santimita 15 zuwa 30 a rana. Ruwan da ke cikin ƙasar fuskar gaba ba ya fita da saurin da tafki ke sauka. In aka janye tafkin da ke tallafe da ita farat ɗaya, sai fuskar ta zame ciki. Inda bawul ya ƙi buɗewa, ko ake tsoron in an buɗe shi ba zai rufu ba, ana ɗora bututun zuƙo ta kan doro ko a kawo famfuna.

Kwamitin da ya ƙi rage ruwa don kada ran jama'a ya ɓaci ya zaɓi jin daɗin bana a kan rayukan mutanen da ke ƙasan dam, waɗanda ba su da ƙuri'a a taron ƙungiya.

Gyaran kansa

Ga tsattsafo, maganin da ya fi tabbata shi ne a ba ruwa hanya a riƙe ƙasa. Ana kankare ƙasar sama daga gangaren baya, a shimfiɗa yashin tacewa mai kaurin santimita 60 zuwa 90, a gindi a sa tsakuwa da bututu mai huje-huje mai faɗin santimita 15 zuwa 20, sannan a danne duka da sabuwar ƙasa har gangaren ya kwanta: mita 3 a kwance ga kowace mita 1 a tsaye. Jifa ɗaya tsuntsu biyu, an samu mataci, an samu nauyin da zai hana zamewa.

Yashin ba kowane yashi ba ne. Ƙa'idar da injiniya Karl Terzaghi ya kafa ita ce a tankaɗe yashin da kuma ƙasar dam: girman ƙwayar da kashi 15 cikin 100 na yashin suka fi ta ƙanƙanta kada ya wuce ninki 4 zuwa 5 na girman ƙwayar da kashi 85 na ƙasar suka fi ta ƙanƙanta. Ya yi gwari-gwari, ƙasa ta wuce ta cikinsa. Ya yi laushi, ya toshe. Wankakken yashin kwaɓa kankare yakan dace da ƙasa iri-iri, muddin garin da ke cikinsa bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Kowace tifa a duba ta, domin a nan ɗan kwangila ke samun rara. Kyallen roba na tacewa yana da amfaninsa a ƙarƙashin duwatsu, amma ba a binne shi a can cikin dam a madadin yashi. Ranar da ya toshe babu mai iya ciro shi.

Sabuwar ƙasa ana zuba ta ne shimfiɗa-shimfiɗa, kowace santimita 15 zuwa 20, da danshin da bai yi nisa da kashi 2 cikin 100 daga wanda gwaji ya nuna ya fi dacewa ba, a bi ta da rola mai ƙusoshi har ta kai kashi 95 cikin 100 na taurin gwajin Proctor, wato gwajin da ke auna yadda ƙasa ke daɓuwa. Tsohon gangare kuma a yanka shi mataki-mataki kamar tsani kafin a haɗa, in ba haka ba mahaɗin zai zama santsin da sabuwar ƙasa za ta zame a kai.

Bututu yana da hanya uku. In bai lanƙwashe ba, a zura sabon bututun roba mai kauri a cikinsa, a cike tsakaninsu da ruwan siminti kaɗan-kaɗan da ƙaramin matsi, domin in aka yi gaggawa sabon yakan taso sama ko ya lotse. In ya lalace sosai, a cike shi da siminti gaba ɗaya a yi bankwana da shi, a sa bututun zuƙo na dindindin ta sama. Ko kuma a yanke dam ɗin a sauya shi, da sharaɗin yankan ya zama mai faɗi, gefensa a kwance aƙalla 2 ga 1, ba rami mai bango a tsaye ba, sabon bututun kuma ya kwanta a kan gadon kankare. Ko wacce aka bi, a kewaye bututun da katangar yashin tacewa mai kaurin kusan mita 1, wadda ta miƙa ninki uku na faɗin bututun ta gefe da ta sama. Faifan ƙarfe ko na kankare da ake ɗaura wa bututu a da don tsare ruwa, manyan hukumomin madatsu sun daina ba da shawararsu, saboda ƙasa ba ta daɓuwa a kusurwoyinsu. Bawul kuma ya koma gefen tafki.

Za a samu mai zuwa da tayin ɗura siminti da matsi cikin jikin dam, ya ce cikin mako guda yoyo zai tsaya. Wani lokaci yakan tsaya na 'yan watanni. Wani lokaci kuma matsin ya tsaga dam ɗin, a yi gyaran gangar auzinawa. Ɗurin siminti na dutsen da ke ƙarƙashi ne mai tsage-tsage, ba na tulin ƙasa ba.

Mazubi ana faɗaɗa shi in akwai fili a gefe, a kan ƙasar asali, ba a kan cikon dam ba. In wuri ya yi ƙunci, ana gina bakinsa a karkace kamar haƙoran zarto, tsawon bakin ya ninka a cikin faɗi ɗaya. Wata hanyar ita ce a lulluɓe gangaren baya da kankaren da ake daɓewa da rola, mataki-mataki, yadda ko ruwa ya haura ba zai ci ƙasa ba. Tsohon mazubin kankare kuma a ƙwanƙwasa shi da guduma a saurari inda ya yi amon rami. A Toddbrook da ke Ingila, a watan Agusta na 2019, ruwa ne ya shiga ƙarƙashin faifan kankaren mazubi ya kwashe ƙasar, har aka kwashe mutum kimanin 1,500 daga garin Whaley Bridge.

Bishiya ba ta da wurin zama a kan dam, komai inuwarta. Saiwa tana buɗe hanya, in ta ruɓe ta bar bututu, in iska ta tuge bishiyar ta tafi da ɓangaren doro. Wadda kaurin jikinta bai kai santimita 15 ba a sare ta daidai ƙasa. Babba kuwa sai an rage ruwa, a tuge kututturen da manyan saiwoyi, a cike ramin shimfiɗa-shimfiɗa. A share har mita 5 zuwa 8 bayan gindi, a bar gajeriyar ciyawa da ake yanka, don a riƙa ganin danshi da ramukan dabbobi. Duwatsun kare igiyar ruwa a fuskar gaba dole su hau kan shimfiɗar tsakuwa. Ɓaraguzan gini da aka juye kai tsaye a kan ƙasa ado ne kawai, igiya za ta ci gaba da tsotse ƙasar ta tsakaninsu.

Maganar kuɗi

Kafin a nemi ko sisi, a binciko takardu. Wa ya mallaki ƙasar da dam yake kai, wa ya mallaki mazubi, wa ke da hanyar da ta bi ta doro? Shin tsarin mulkin ƙungiyar ya ba ta ikon ɗora wa kowane gida kuɗi na dole, da ikon riƙe takardar gidan wanda ya ƙi biya? Babu bankin da zai ba da rancen shekara 20 a kan alkawarin gudummawar ganin dama. Karo-karo yakan isa yankan ciyawa da binciken farko, amma ba ya gina mazubi, domin wanda bai bayar ba shi ma tafkin yana nan a ƙofar gidansa. Inda ƙungiya ba ta da wannan iko, mafita ita ce a nemi hukuma ta ayyana yankin a matsayin gundumar haraji ta musamman, a riƙa karɓar kuɗin tare da harajin gidaje.

Ƙiyasin farko kullum yana zuwa da ƙaranci, saboda babu wanda ya san abin da ke cikin dam sai an buɗe. A ɗora kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na ko-ta-kwana a matakin farko, da kashi 10 zuwa 20 na zane, izini da sa ido. Kwamitin da ya sanar da ƙaramin adadi don a samu ƙuri'a zai dawo neman ƙari, a lokacin kuwa an daina yarda da shi.

Rabo shi ne inda ake ɓatawa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma ba kowa ya ci daidai da wani ba. Misali, aiki na miliyan 1, ko da wane irin kuɗi ne, a kan rancen shekara 20 da ruwan kashi 6 cikin 100: biyan shekara kimanin 87,000 ne, jimilla kuma miliyan 1.74. In akwai gida 50 a bakin ruwa da ake lissafa wa kaso guda-guda, da gida 100 a baya masu izinin shiga tafki da ake lissafa wa rabi-rabi, kaso 100 ke nan: na bakin ruwa 870 a shekara, na baya 435. A buɗe ƙofa ga mai son biyan nasa gaba ɗaya ya huta da kuɗin ruwa, a kuma ba tsofaffi da marasa hali damar jinkirtawa har ranar da za a sayar da gidan ko a raba gado. A amince da tsarin rabon tun kafin adadin ƙarshe ya fito. Bayan ya fito, kowa zai zaɓi tsarin da ya fi masa sauƙi ne.

Tallafin gwamnati yana nan a wasu ƙasashe, amma don kare rayukan na ƙasan dam ake bayar da shi, ba don jiragen shaƙatawa ba. Shirin da Amurka ta kafa a 2016 don madatsu masu babban haɗari ya zo da sharaɗin masu dam su kawo aƙalla kashi 35 cikin 100. Irin wannan tallafi yakan tafi ne ga wanda ya riga ya mallaki rahoton injiniya da shirin ko-ta-kwana, sau da yawa kuma sai ka kashe a mayar maka. Sauran waɗanda za a ƙwanƙwasa wa ƙofa su ne duk mai cin moriyar dam ɗin ba tare da ya lura ba: hukumar da titinta ya bi ta doro, mai ɗibar ruwa, da ƙaramar hukumar da harajinta ya dogara da darajar gidajen bakin tafki. Da dam ɗin tafkin Delhi a jihar Iowa ya fashe a Yulin 2010, da kuɗin jiha, na gunduma da na mazauna aka sake gina shi, ruwa bai dawo ba sai 2016.

A Michigan kuwa, kusan shekara biyu kafin Edenville ya fashe hukumar makamashi ta tarayya ta ƙwace lasisin lantarkinsa saboda ƙarancin mazubi, ana ta ja-in-ja kan wanda zai biya. Bayan ɓarnar, jiha ta ba da dala miliyan 200, aka kuma ɗora wa masu gidajen tafkuna huɗu na yankin sama da dala miliyan 200 da za su biya cikin shekara 40. Wasunsu suka garzaya kotu kan yadda aka yi rabon, aka fara dakatar da aiki a 2024.

Dole injiniya ya kawo farashin zaɓi biyu da ba a son ji: a rage tsawon tafkin har abada ta hanyar yanke mazubin ƙasa-ƙasa, ko a cire dam ɗin gaba ɗaya rafi ya koma yadda yake. Cirewa ma ba kyauta ba ce, akwai lakar shekaru da ta taru wadda ba a barin ta ta gangara haka kawai, darajar gidaje kuma za ta faɗi. Amma sai an ga adadin nan uku, na gyara da na ragewa da na cirewa, a jere ne ƙuri'a ke zama ta gaskiya. A kuma karanta takardar inshorar ƙungiya layi-layi. Da yawa sun cire fashewar dam daga abin da suke biya.

In kuɗi bai isa duka ba, a raba aikin bisa haɗari: ruwa ya zauna a ƙasa, a gyara bututu da bawul don a samu ikon sarrafa tafki, sai mataci da gangare, sai mazubi, titin doro da fitilu su zo ƙarshe. A kwangila, ƙasa da yashi da siminti a biya su bisa awon abin da aka zuba, mai sa ido na injiniya ya tsaya a wurin duk ranar da ake binne wani abu, domin abin da aka rufe ba ya sake ganuwa. Kason shekara-shekara na asusun ajiya ya fara tun daga shekarar da aka gama, kada a bari ya narke cikin kuɗin shagulgulan ƙungiya.

Mayar da ruwa shi ma ɓangaren aikin ne. Dam ɗin da aka yanka aka ɗinke sabo ne a wajen ruwa, kuma Teton a cikawar farko ya fashe. A bar tafki ya hau kimanin santimita 30, a tsaya kwanaki, a karanta bututun awo da farantin tsattsafo safe da yamma, a zaga gindi da ƙafa, sannan a ƙara. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na kuɗin ɗan kwangila ya zauna a hannun ƙungiya har sai tafki ya cika, ya kuma ga babban ruwan sama na farko.